Filin da Na Taka da Ƙafata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi, ɗaliba mai karatun tsara birane a Greensboro.

Malaminmu ya ba mu jarrabawa: idan girgizar ƙasa ta rushe gidaje, a wane fili za a tsugunar da jama'a? Wanda ya faɗi sai ya maimaita darasin. 'Yan ajinmu suka duba taswira kawai, suka zaɓi wani makeken fili kusa da titin Wendover. Ni kuwa na je da ƙafata bayan an yi ruwa. Wallahi taɓo har ƙwauri, ga wayoyin lantarki a sama! Sai na zaɓi filin ƙwallon wata firamare da ke kan tudu, akwai famfo da bayan gida.

Wani ɗan ajinmu ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗan filin?"

Na ce, "A taɓo za ka kwantar da jariri?"

Malam ya kwashe mu muka duba filayen biyu, ya dawo takalminsa sharkaf. A gaban kowa ya ce nawa ne daidai!

Ina gaida Babana a Gusau, wanda ya tsaya kai da fata sai na yi karatu. Baba, na ci!