Shafukan Ƙarshe na Malam Rufa'i

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Lawali. Iyayenmu hakimai da dagatai na Jega da Aliero da Maiyama. Malamanmu na allo da na boko. Direbobi da mahauta da 'yan kasuwa. Iyayenmu mata da ke bayan rumfa. 'Yan'uwana manoma, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Sunana Sabo, manomin albasa ne ni daga Aliero. Ina gode wa Allah da ya nuna mana yau, ina gode muku da kunka bar gona, kunka bar rumfa, kunka cika filin makarantar nan ta unguwar Jega Firchin a kan maganar da wasu ke ganin ba ta kai a tara dattawa ba, wato littattafan hira.

Magana ta farko, Malam Rufa'i tela, wanda Allah ya karɓi abinsa bana. Kowa ya san kekensa a kasuwar Jega, amma ba kowa ya san akwatunan da ke bayan keken ba. Littattafai ne fal, na Hausa da na Turanci: akwai na binciken kisa da sata, akwai na kimiyya inda mutane ke shiga jirgi su bar duniya, akwai na soyayya, waɗanda maza ke aro su ce wai na ƙannensu ne. Bai taɓa hana kowa aro ba, sai dai yana da dabara. Kafin littafi ya bar shagonsa, sai ya sa almakashi ya yanke shafin ƙarshe ya jefa a kwalla. In ka maido littafi, ya miƙo maka shafin, ka karanta nan gefen keke, ka mayar.

Ni ya taɓa gasa ni. Na ari wani na bincike, ina ban ruwa ina karatu, har fangali ya cika ya tumbatsa ban sani ba. An kashe attajiri, ana zargin direbansa, ana zargin ƙanensa, sai takarda ta ƙare. Na hau motar albasa na zo Jega, na ce, "Malam, don girman Allah, wa yak kashe attajirin ga?" Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Ina littahina?" Na ce na baro shi gona. Ya ce, "To, mai kisan ma yana can gona." Wallahi na yi fushi ranar, yau kuwa kewarsa nake yi.

Magana ta biyu, halin da ake ciki. Ajali ya riske shi littattafan na waje, sun watsu cikin garuruwan nan uku, shafukansu kuma na cikin kwalla a hannun maiɗakinsa, Malama Balaraba. Mamman mahauci yana riƙe da wani na kimiyya, an bar shi da mutane a sararin sama man jirginsu na ƙarewa, har yau bai san ko sun sauka ba. Hajiya Hadiza ta Maiyama, wadda idonta ya raunana, an karanta mata wani na soyayya har ƙofar ɗaurin aure, can anka tsaya, kullum tana tambaya. To, Malama Balaraba ta fita takaba, 'yan'uwanta za su tafi da ita gida bayan kasuwa mai zuwa, masu tsire kuma sun riga sun aiko neman takardun naɗe nama. Ta ce da ni, "Malam Sabo, in sun kawo, ku haɗa. In ba su kawo ba, ni ban iya dakon takarda." Gaskiyarta, ban ga laifinta ba.

Don haka magana ta uku roƙo ce. Ku kawo su. Wanda ɓera ya taɓa, ku kawo. Wanda miya ta zuba a kansa, ku kawo. Wanda ya daɗe a ƙarƙashin katifa har kunya ta hana ku, ku kawo, ba mai tambayar kowa. Direbobin Aliero da Maiyama sun yi alkawarin ɗauka kyauta. Telolin kasuwa sun ce su za su ɗinke kowane shafi a mazauninsa, daga nan kuma an bar yanka, amana za ta tsare su. Ranka ya daɗe shugaba, ɗaki guda muke nema na ajiye su, mai ƙofa, wanda ba ya yoyo.

Jiharmu ta Kebbi sabuwa ce. Muna neman hanya, muna neman asibiti, muna neman taki, duk daidai ne. Amma yaron da ya koyi bin sawun ɓarawo a takarda ba a saurin ruɗinsa, wanda ya je duniyar wata a takarda ba ya tsoron inji, wanda kuma ya karanta soyayya, ko ba komai ya iya magana mai daɗi a gidansa. Iyayenmu mata, na ji dariyarku, kun san inda na nufa.

Ga kwando nan gaban tebur, ba komai ciki. Na san wasu sun zo da nasu a aljihu, suna jiran a samu na farko.

Alhamdu lillahi! Jama'a, ku ba Sarkin Fawa hanya. Ranka ya daɗe, ashe har da kai? Wane iri ne? Na soyayya! To, ba mu tambaya ba, na ƙanwarka ne. Ga wani can ya taso, ga wani. Malama Balaraba, ki share hawaye, a fito da kwalla.

Allah ya jiƙan Malam Rufa'i, ya kyautata namu ƙarshen. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya albarkaci gona da kasuwa, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya maida kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.