Takalmin da na yi wa Nana alkawari

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Inna Hajo ce daga Rawayya.

Bara ɗiyata Saratu ta kawo mini jikata Nana yaye. Don ta bar kuka na ce uwarta ta tafi Gusau sayo mata takalmi. A hanyar komawa Tsafe motarsu ta kife, Allah ya karɓi abinsa.

Na gode wa Allah da ya bar mini Nana, ita ke sa ni dariya. Amma kullum na idar da salla sai ta hau cinyata ta ce, "Inna, roƙi Allah ya kawo Umma da takalmina."

Jama'a, ta ina zan fara gaya mata? Har yau amin nake cewa.