Saboda Zomo Dawar Yayana Ta Ƙone

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga Ƙofar Jatau nake rubuto maka.

A ƙauyenmu bayan Kufena na tashi. Muna yara da kare da kere muke farautar zomo, ba ma sa wa daji wuta. Ran Asabar na je gaida yayana, na tarar da shi zaune cikin toka a gonarsa. Samari ne suka cinna wuta don su koro zomo, ta cinye dawar da ya tara, ko dami ɗaya bai tsira ba.

Ya ce mini, "Har da jikana a cikinsu. Wa zan kai ƙara?"

Masu sauraro, me zan ce da shi?

Naku, Malam Idi.