Ƙafar Dama

Auta: Salamu alaikum. Halo? Yaya?

Yaya: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Auta: Haba Yaya, ni ne fa, Auta. Ba ka ga sunana ya fito ba?

Yaya: Wayar nan rubutunta ƙanana ne. Auta, ina wuni?

Auta: Lafiya lau. Ya gida? Ya Maman yara da ƙafar tata?

Yaya: Da sauƙi, har ta fara taka ta. Ya naka iyalin?

Auta: Duk lafiya, suna gaishe ka. Ya zafi?

Yaya: Zafi lokacinsa ne. Ya aiki?

Auta: Aiki da godiya. Ya... ya jikoki?

Yaya: Jikoki suna gidan iyayensu, Auta. Wannan ƙarar mece ce? Kana shago ne?

Auta: Injin yanka ne na maƙwabcina. Bari in shiga ciki. To, yanzu fa?

Yaya: Yanzu ina jin ka. Ƙarfe nawa za ka kawo min ɗan jirgin ruwan nan nawa na rimot? Tun safe na share masa teburin falo. So nake in sa batir a caji da wuri, gobe ƙarfe goma za a fara kiran sunan 'yan tsere a bakin tafki.

Auta: E, jirgin. Ai dama shi na kira mu yi magana a kai. Yaya, wata tambaya gare ni.

Yaya: Ina ji.

Auta: Me ya sa ka zaɓi mai baki biyu? Na ga kamar irin na da, mai bakin shebur, ya fi kwanciyar hankali a ruwa.

Yaya: Yau kuma kafinta ya zama malamin jirgin tsere? Mai bakin shebur iska yake tarawa a ƙarƙashin ƙirjinsa. Yana kai ƙarshen gudu sai hancin ya ɗaga, ya wuntsila ta baya. Uku na rasa a haka. Shi ya sa ake yanke tsakiyar bakin, iskar ta samu hanyar wucewa.

Auta: To irin na Injiniya fa? Wancan siririn, da aka maƙala masa ƙafafu a kan sanduna? Shekara huɗu yana cinye ku da shi.

Yaya: Wannan tsintsiyar? Ba jirgi ba ne, sanda ce aka ɗaura wa farfela. A kwali ya saye shi, ko ƙusa ɗaya bai buga ba. A miƙe yana da gudu, ban hana shi ba, ba shi da nauyi. Amma ka tsaya ka kalle shi a kwana, sai ya rage. Nawa ba zai rage ba. Duk tseren nan a wurin jarkokin da muke zagayawa ake cin sa, kuma shekara biyu na yi ina zana ƙafafun nan biyu na gefe, da yake hawa ruwa a kansu, saboda kwanar kaɗai.

Auta: Haka ne. To da a ce mutum zai ari irin nasa na kwana ɗaya...

Yaya: Auta.

Auta: Na'am.

Yaya: Shekararka hamsin da ɗaya. Tun kana rarrafe, in ka fasa abu sai ka fara tambayar lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Me ya samu jirgina?

Auta: Na kai shi tafki da safe.

Yaya: Ka kai shi ina?

Auta: Tafki. Na ce in gwada, kada in kawo maka abin da ban ga tafiyarsa ba. Ai ka bar min rimot ɗin.

Yaya: Na bar maka don ka ga ko wutsiyar da ke juya shi tana motsi, ba don ka tuƙa ba. To, sai aka yi yaya?

Auta: Da na zo jarka ta farko na karya dama, sai ya ƙi.

Yaya: Ya ƙi me?

Auta: Ya ƙi kwanar. Hancin ya juya, amma jikin ya ci gaba da zamewa ta gefe, kamar mota a kan taɓo. Na saki maɓallin, na riga na makara. Ya je ya daki ginshiƙin simintin nan na wajen famfo.

Yaya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Auta: Yaya, wallahi ban...

Yaya: Tsaya. Tsaya tukuna. Jirgin nan ba zai zame ba. Ko yaro aka ba rimot ba zai zame ba. Ka ɗaura wuƙar? Ƙarfen nan da ke shiga ruwa a bayan ƙafar dama?

Auta: Na ɗaura.

Yaya: A dama?

Auta: A dama, yadda ka zana.

Yaya: To gefen ƙafar fa? Kaifin yana nan?

Auta: Ai wannan... na ɗan fere ta.

Yaya: Ka fara me? Layin yana yankewa.

Auta: Ba farawa ba, ferewa. Na fere ta. Ƙafar daman.

Yaya: Ka fere ta.

Auta: Yaya, ka saurare ni. Da na gama haɗa su na ajiye a kan benci, sai na ga ba su zo ɗaya ba. Ta dama ta fi faɗi da kusan rabin yatsa, gefenta a tsaye, da kaifi. Ta hagu gefenta a kwance, sumul. Na auna, na sake aunawa. Na koma kan takardar, na ga haka ka zana. Sai na ce a raina hannun Yaya ne ya goce, don dama layukan wannan zanen duk a karkace suke, ba kamar naka na da ba. Na ji kunyar in kira ka in ce ka yi kuskure. Sai na gyara maka shiru.

Yaya: Ka gyara min.

Auta: Na goge ta har ta zo daidai da 'yar'uwarta. In ka ɗora ma'auni, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Yaya: Auta, tseren nan wane hannu ake zagayawa?

Auta: Dama.

Yaya: Kullum?

Auta: Kullum dama.

Yaya: An taɓa karya hagu ko sau ɗaya?

Auta: A'a.

Yaya: To jirgin da bai san hagu ba, me zai yi da ƙafafu iri ɗaya? Ta dama ita ce ta ciki, ita ke cizon ruwa, a kanta yake juyawa, shi ya sa na ba ta kaifi. Faɗin kuma saboda farfela ne, kullum danna jirgin take yi ta wannan gefen. Ta hagu tana waje, aikinta ta sulale kada ta yi tuntuɓe. Bambancin nan shi ne jirgin gaba ɗaya! Sauran duk akwati ne. Shekara biyun da na yi, a kan wannan rabin yatsan na yi su!

Auta: To ai kai ka ce min ƙafa!

Yaya: Me?

Auta: Ƙafa ka ce! Tun ranar farko, ƙafar dama, ƙafar hagu. Shekara talatin ina yin kujera da tebur, Yaya. A shagona in ƙafa ba ta kai 'yar'uwarta ba, gurguwa ce, ko almajirin sana'a ba ya barin ta ta fita ƙofa. Da ka ce min fiffike ne, ko kunne, ko wani abu, wallahi da ban taɓa ta ba.

Yaya: Haka muke kiran su a tafki. Kowa ya sani.

Auta: Ni ban sani ba. Ni a tafki lema kawai nake riƙe maka.

Yaya: Hmm.

Auta: Halo? Kana ji na?

Yaya: Ina ji. Faɗa min ɓarnar.

Auta: Ƙafar ta tsage daga baki har gindi. Ka san cikinta fanko ne, kuma da na goge, katakon ya yi siriri kamar takarda. Ƙirjin ma ya buɗe ta wajen haɗin. Ruwa ya shiga.

Yaya: Injin?

Auta: Na shanya shi a rana. Ƙaramin akwatin wayoyin nan dai yana warin ƙonewa.

Yaya: Shi ke nan.

Auta: Ba shi ke nan ba. Ina da ragowar katakon. Yanzu zan yanka sabuwar ƙafa, yadda ka zana, ba zan ƙara ko layi ba. Ba zan tashi daga benci ba sai...

Yaya: Gam ɗin awa nawa yake kamawa?

Auta: Kwana ɗaya.

Yaya: Fentin hana ruwa fa?

Auta: Biyu. In an sa a rana sosai...

Yaya: Gobe ƙarfe goma, Auta.

Auta: To tsohon jirginka, mai bakin shebur ɗin?

Yaya: Injinsa ne a cikin wannan. Jikin kuma jikoki sun mai da shi motar ja.

Auta: To ni zan je wurin Injiniya da kaina. Yana da guda biyu. Zan ce laifina ne, zan durƙusa masa in ta kama.

Yaya: In shiga tsere da tsintsiyar Injiniya, in na ci a ce me? A ce tsintsiya ta ci? Kada ka kuskura ka taka ƙofar gidansa.

Auta: To a bar na gobe. Ai ba ƙarshen duniya ba ne. Tseren baɗi yana nan. Zan yi maka sabo fil, guda biyu ma, ɗaya na gwaji. Wata goma sha biyu, ka ga har ka ƙara gyara zanen.

Yaya: Ba ni da baɗi.

Auta: Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?

Yaya: Ba mutuwa nake nufi ba. Shekara goma sha takwas ina sassaƙa jiragena da hannuna. Ka taɓa ganin na ba wani ko gugar sanfefa? Ba ka tambayi kanka me ya sa wannan karon na kawo maka ba?

Auta: Na ɗauka ka yarda da aikina ne a ƙarshe. Wallahi har daɗi na ji.

Yaya: Na yarda da aikinka. Amma layin fensir ne ba na gani. Hawan jinin ido, in ji likita. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama kamar ta bututu nake leƙe, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake.

Auta: Ya Salam. Tun yaushe? Maman yara ta sani?

Yaya: Ita ke ɗiga min magani.

Auta: Ni fa? Ni ba ɗan'uwanka ba ne? Uwa ɗaya uba ɗaya, a ce sai yau, a waya?

Yaya: Da ka sani da ka fara riƙe min hannu a bakin titi. Ban shirya wa wannan ba.

Auta: Shi ya sa layukan suka karkace.

Yaya: Layukan sun karkace, amma awon daidai yake. Sau biyar na sa ta karanta min lambobin.

Auta: Wayyo Allah. Ni kuma na ga haka na ce...

Yaya: Shi ya sa na ce ka yi masa fenti ruwan lemo mai ƙyalli. A gwajin watan jiya, jarkar can ta ƙarshen tafki da ƙyar na hango ta. Likita ya ce in ina da abin da nake son gani, in gan shi bana.

Auta: Yaya, zan tsaya kusa da kai. Baɗi. Ni zan zama idonka, in ce maka karya, ka karya.

Yaya: Kafin ka buɗe baki ya wuce jarka biyu. Ba a tuƙa shi da kunne. Kuka kake yi?

Auta: A'a. Ƙurar katako ce.

Yaya: Share fuskarka, akwai mutane a shago. Gobe in sun kira ka, ka ce ba na jin daɗi. Kada ka faɗa wa kowa maganar ido, kuma kada ka faɗi maganar ƙafa, za su mai da kai abin dariya har ka tsufa.

Auta: Ka yafe min, don Allah.

Yaya: Bar wannan. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ban da ƙarya don ka faranta min. Kafin kwanar, a miƙe. Ya tashi?

Auta: Ya tashi.

Yaya: Yaya ya tashi? Faɗa min dalla-dalla.

Auta: Da farko ya ɗan nutsa gindi, yana tura ruwa. Ina ƙara masa wuta sai ƙirjin ya rabu da ruwan gaba ɗaya. Har haske nake gani ta ƙarƙashinsa. Bakin ƙafafun biyu ne kawai da farfela suke taɓawa.

Yaya: Hancin bai yi rawa ba? Bai nemi ɗagawa ba?

Auta: Ko kaɗan. Kamar an ɗora shi a kan layin dogo.

Yaya: Ruwan da yake watsowa ta baya fa?

Auta: Ya fi tsayina. Masu wankin mota na bakin tafki har suka ajiye bokiti suka miƙe. Wallahi Yaya, shekara nawa ina bin ka wurin nan, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Na Injiniya ko ƙurarsa ba zai sha ba.

Yaya: Da idonka ka gani?

Auta: Da idona.

Yaya: To, alhamdu lillahi. Ɗayanmu ya gani.

Auta: Yaya, bari in rufe shago in zo yanzu, mu zauna mu... Yaya? Halo? Halo, Yaya?