Hannun da Ya Daina Jin Zafin Ruwa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki tare da masu saurare.

Ni dattijuwa ce a Hayin Banki. Shekara da shekaru ni ake kira wankan jego a unguwarmu, kuma da hannu nake gwada zafin ruwa. Tun bara yatsuna suka fara mutuwa, sai in ji kamar kiyashi na yawo a cikinsu. Ban faɗa wa kowa ba, don kada a daina kirana.

Watan jiya 'yata Hauwa ta haihu, ta dawo gida wanka. Na dafa ruwa da ganyen darbejiya, na sirka, na tsoma hannu na ji daidai. Ina watsa mata ta ƙwalla ƙara, ta ce, "Inna, kin ƙona ni." Kafin azahar bayanta duk ya saluɓe.

Maƙwabta sun ce sanyi ne. A asibiti an ce ƙila ciwon suga ne, ko ƙarancin bitamin, ko wani abu ya danne jijiya a wuya ko a wuyan hannu, sai an yi gwaji. Litinin zan koma.

Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya gaya mini, hannun yana farfaɗowa kuwa? Hauwa ta ce ta yafe mini. Amma jiya da na ɗauko baho zan yi wa jikana wanka, sai ta ce, "Bari Inna, ki huta," ta miƙa shi ga maƙwabciya.