Kwarkwasa da Ragon Sunan Jikana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro daga Sandamu.

Tun ina saurayi fataken shanu masu zuwa kurmi ke cewa kwarkwasa, wato tururuwan nan masu cizo, makafi ne, amma suna iya kashe dabbar da ke ɗaure. Nakan ce labarin matafiyi ne kawai.

To, daminar da aka ƙaddamar da shari'a, ana gobe sunan jikana, na ɗaure ragon suna gindin mangwaro a lambuna. Da hantsi na ji yana kuka. Na tarar da kwarkwasa jajaye, sun yi layi, masu manyan kai suna gadi gefe-gefe, ƙananan suna tsakiya, har sun hau ƙafafunsa. Na kama bugunsu da ganye.

Maƙwabcina Ilu ya ƙwala mini kira: "Baba, ba a korarsu! Yanke igiyar!"

Na yanke. Rago ya ruga cikin kududdufi, washegari aka yi suna da shi.

Masana su gaya mana, irinsu ɗaya da na kurmi? Batun makanta dai na yarda, don ba su duba furfurata ba, ni ma sai da suka hau ni. Na ƙarshen da ya faɗa mini cewa makafi ne, yana tsince mini su daga wando, Ilu ne.