Kaskon Wutar Inna Tumba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, ina zaune Kaura Namoda, amma asalina Dauran. Na ji kun ce akwai rana guda a shekara da anka ware don tuna alheri, shi ne na ce bari in ba da nawa labari.

Shekarar da ɓarayin daji sunka tashe mu, ɗakin aro munka sauka, kunu kawai muke damawa. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Inna Tumba, kullum da la'asar sai ta miƙo kwanon tuwo ta saman katanga. Kun san a wajenmu ba a maida kwano wayam. Ni kuwa ba abin zubawa, sai na fara cewa mun ƙoshi.

Rannan ta haɗo kwanon da kasko, ta ce, "Ɗiyata, ɗebo min wuta, tawa ta mutu." Daga nan kullum tuwo ya shigo, garwashi ya fita, har wata huɗu. Kunya ta sake ni, don ina ganin ni ma ina bayarwa.

Wata rana na bi bayan kaskon in gaishe ta. Na iske murhunta na ci bal-bal, tana juye garwashina a gindin katanga. Ba ta gan ni ba, na juyo.

Yanzu mun samu namu, alhamdu lillahi, amma har yau takan miƙo kaskon. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in wannan rana ta zo, in faɗa mata na gani, ko in ci gaba da ɗebo mata wuta?